Cizon Ƙwaro a Ƙafar Inna

Da sunan Allah mai rahama, Shi ke saukar da cuta, a hannunsa kuma sauƙi yake.

Ni ɗan kasuwa ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Gero da dawa da wake nake saye a kasuwannin Kebbe da Fakku da Sanyinna, in tara a Tambuwal, in sayar wa masu manyan motoci. Da dako na fara. A sana'armu buhu ba ya shiga sito sai an soka masa ƙarfe an ga abin da ke cikinsa, komai zaƙin bakin mai shi. Amma ciwo ya yi makonni yana cin ƙafar mahaifiyata, ina zuwa gaishe ta, tana cewa lafiya lau, ina tashi in kama gabana. Daminar da ta wuce ce ta tafi da ita. Na zauna rubuta yadda abin ya kasance saboda masu tsofaffi a gida, musamman 'ya'yan fari irina.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni riƙo Tambuwal, ita tana Fakku. In za ta ambace ni sai ta ce "mutanen Tambuwal", ko da ni kaɗai na zo. In na je gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, asabari a tsakaninmu, ta amsa daga ciki a taƙaice. Abin da take so kuwa, ƙanwata Hajo ake gaya wa, ita ce autarmu, tana aure a nan Fakku kusa da gida. Hajo ta gaya mini, ni kuma in aiko. Haka muka rayu, ban taɓa ɗaukarsa rashin so ba. Na san duk ranar da zan zo tun da safe take dama fura da hannunta, ta ce wa Hajo ta baƙi ce.

Inna mai man kaɗe ce. Ita ke tsinto kaɗanya, ta shanya, ta soya, ta daka, ta fitar da mai. Saboda haka duk yaron da ƙwaro ya ciza a unguwar, ɗakinta ake kai shi. Cizon sauro, ta wanke wurin da sabulun salo da ruwan randa mai sanyi, ta shafa man kaɗe. In cinnaka ne, ta yanka albasa ta goga. In rina ta harbi yaro, ta kwaso laka mai sanyi daga gindin randa ta manna masa. Wanda kuɗin cizo suka dama da ƙaiƙayi, ta dafa ganyen dogonyaro, ta bari ya huce, a yi masa wanka. Tana yi tana faɗa da yaran: "Cizo ba shi komi, susa ita ta ɓanna. Kai, sauke hannunka!" Kada wani ya karanta wannan ya ce na zagi maganin gida. Yana aiki. 'Ya'yana da shi aka raine su, kuma har gobe akwai man kaɗe a ɗakin matata. Abin da ba mu sani ba shi ne inda iyakarsa take.

Farkon damina, lokacin da kaɗanya ke zuba, Inna ta bi mata daji tsinto. Na sha aika mata ta bakin Hajo cewa ta huta, ba ta rasa komai ba. Amsarta ɗaya ce, wai in ta zauna jikinta zai mutu. A can wani abu ya cije ta a ƙwauri, sama da idon sawu kaɗan. Ba ta ga ko mene ne ba. Wasu suka ce cinnaka, wasu suka ce ƙudan shanu. Abin da zan faɗa yanzu duk daga baya Hajo ta ba ni labarinsa.

A makon farko ɗan kumburi ne ja, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai ƙaiƙayi. Ta shafa man kaɗe, ta goga albasa. Ƙaiƙayin ya ƙi kwantawa. Ita da ke hana yara susa, sai ga ta da guntun karan dawa tana sosawa in tana zaune, har fatar ta ɗaye ba ta lura ba. Mako na biyu wurin ya fara ruwa. Ta barbaɗa garin bagaruwa, ta sa toka. Wata maƙwabciya ta ce dafi ne bai fita ba, a jiƙa jar kanwa da lemun tsami a ƙone shi. Hajo ta ce ita ta zuba mata, ta runtse ido tana jiran ihu, sai Inna ta ce, "Ke zuba mana, ni ban ji komi ba." Suka yi hamdala, suka ce ciwon da ba ya zafi ai ya kama hanyar warkewa. Da ƙafar ta kumbura suka koma gashi da ruwan zafi. Ruwan da Hajo ba ta iya sa hannu a ciki, Inna ke tsoma ƙafa tana hira. Fata ta saɓule.

Duk wannan lokacin ina zuwa kowace kasuwa. Na lura ta daina fitowa gindin bishiya, na tambayi Hajo, ta ce, "Ƙwaro na ya cije ta, da sauƙi." Na yi dariya na ce mai magani da kanta? Na ajiye tsarabar da na saba: sukari, burodi, zuma, da lemun kwalba, domin tun bara take kukan ƙishirwa, buta ba ta rabuwa da gefenta. Ta rame, muka ce tsufa ne. Tana yawan zagayawa, muka ce ai ruwan da take sha ne.

Matata Luba ce ta gano. Mun je bikin suna Fakku tare, ta shiga ɗakin Inna ta gaishe ta. A hanyar dawowa, mun bar gari kaɗan, ta ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ganin Inna tsaye?"

Na ce mene ne?

Ta ce, "Turaren wutan da taka ƙonawa da rana tsaka, ba don ƙamshi ba na. Wani wari shika rufewa. Kuma na ga ƙudaje bisa zanenta, wuri guda sunka taru, tana kora suna dawowa."

Nan na juya mota. Na kira Hajo bayan rumbu. Tana ganin fuskata ta fara kuka.

"Yaya, cewa ta yi in na gaya maka ba ta yafe man ba."

Na ce, "Ai ba ki gaya man ba, ni nat tambaya. Ƙaƙa ƙafar take?"

Ta ce, "Ta ɓaci."

"Mi ya hana ku faɗi?"

"Ta ce ƙafarta ta, ba ta buɗe ma mutanen Tambuwal ita. Wai ɗan cizon ƙwaro za a tada mutane daga kasuwa a ɗora masu hidima?"

Da wani ne, da na ɗauke shi na sa a mota a lokacin. Amma ba ni da bakin ba Inna umarni, ko asabarin ba na ɗagawa. Mutum ɗaya ne take jin maganarsa, yayanta Kawu Ummaru, mai shanu ne a Kebbe. Washegari na ɗauko shi. Ya shiga ya daɗe, ya fito yana toshe hanci da bakin rawani, ya ja ni gefe.

"Ɗana, wanga ciwon daji na. Kuma kowa ya sani daji ba shi son allura. Ƙarfe ya taɓa shi, sai shi watsu cikin jiki. Ka kai ta asibiti ka kashe ta. Akwai wani mutum Sanyinna, shi ya yi ma matar maƙwabcina magani."

Na ce Kawu, asibiti dai.

Ya ce, "Kai ka haife ta ko ni nig girme ta? Kuɗi kaka ji da su, ni ko na ga jiya."

Sai na yi da shi irin abin da na saba yi a kasuwa in ciniki ya cije, aka raba tsakiya. Na ce a yi na Sanyinna zuwa kasuwa mai zuwa, in babu sauƙi shi da bakinsa zai ce mata ta shiga mota. Ya yarda. Mutumin ya ba da wani baƙin haɗi na shafawa, da na sha wanda ake damawa da zuma. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Da ya zo dubawa karo na biyu ya ga yatsun, shi da kansa ya ce wa Kawu, "Wanga ya fi ƙarfina, ku kai ta ga likita." Amma mako guda ya riga ya tafi, kuma ciwo ba ya jiran ranar kasuwa.

Muka shimfiɗa katifa a bayan motata a-kori-kura, muka ɗaura tamfal saboda hadari. Hajo da Luba suka kama ta, ni na juya baya har suka gama. A asibitin farko da muka je, wani ma'aikaci ya soki yatsanta ya ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Ya duba, ya sake soka wani yatsan, ya sake dubawa. Ya ce, "Tun yaushe take da ciwon suga?" Na ce ba ta da shi. Ya ce, "Tana da shi, ku ne ba ku sani ba." Ya wanke ciwon iya yinsa, ya ce mu wuce birni, kada mu kwana.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san layi ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kuma kowane taga ka kai sai a ce ka koma wancan. Babu gado, Inna ta yini a kan tabarma a baranda, mutane na tsallake ta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Komai kai za ka sayo, auduga, safar hannu, ruwan da ake ƙarawa, har abin ɗaure ciwo. Waken da na ɓoye ina jiran ya yi tsada, a waya na sayar da shi yadda aka taya, ban ko ja ba. Ni Allah ya rufa mini asiri ina da abin sayarwa. Na ga wani dattijo ya riƙe takardar magani yana juya ta kamar zai sami kuɗin a bayanta. Duk da haka akwai waɗanda ba zan manta alherinsu ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke wanke ƙafar kullum da safe, ba ta taɓa yamutsa fuska ba, tana yi tana ce mata, "Sannu Inna, saura kaɗan." Da aka nemi jini, 'yan dakon sitona suka cika mota daga Tambuwal, ban kira su ba, Luba ce ta faɗa a gida labari ya kai musu.

Likitar mace ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ranar da ta zo dubawa ta kama bakin zanen Inna za ta ɗaga, sai na juya na nufi ƙofa. Ta ce, "Malam, kai ne ɗanta?" Na ce ni ne. Ta ce, "To ina za ka? Dawo ka gani. Kai za ka yi shawara, ba za ka yi ta a kan abin da ba ka gani ba."

Na dawo. Inna ta juya fuska bango. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙwaurin mahaifiyata ba sai ranar. Daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri babu fata. Gefen ciwon ya yi baƙi, yatsu biyu sun bushe kamar gawayi. Na sha ganin hatsin da ruwa ya shiga ya ruɓe tun daga ƙasan buhu, sama kuwa fes. Shi ya faɗo mini a rai, na kuma ji haushin kaina da ya faɗo.

A waje likitar ta tambaye ni abin da take ci, na lissafa mata har da tsarabata. Abin da ta ce, wanda har yau yake kunnena: "Ba cizon ne ya ci ƙafar ba. Cizon ƙofa kawai ya buɗe. Suga ya daɗe yana kashe mata jijiyoyi, shi ya sa ba ta jin zafi. A wajen mai suga, ciwon da ba ya zafi shi ne abin tsoro." Na tambaye ta maganar daji da allura. Ta ce, "Wannan maganar ta kawo mana mutane da yawa a makare."

Aka fara allurai, ana yanke ruɓaɓɓen nama kaɗan-kaɗan. Makon farko muka ga kamar sauƙi, wari ya ragu, har ta nemi tuwon dawa. Na yi sadaka. Mako na biyu baƙin ya haura. Likitar ta tara mu ta ce babu sauran dabara, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma kowace rana aka ƙara, abin yana matsowa sama.

Hajo ce ta gaya mata, ina tsaye a ƙarshen gado. Inna ta ce, "Hajo, gaya ma mutanen Tambuwal an gode, Allah shi yi albarka. Amma da biyu niz zo, da biyu nika komawa."

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, ga ni nan. Ni za ki gaya ma."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Hajo, kin ji abin da nic ce."

Na san ciniki, kuma duk abin da na sani na gwada. Na kawo wani malami da ke zuwa duba marasa lafiya, ya yi mata bayani cewa neman magani ba ja da ƙaddara ba ne, kuma Allah mai iko ne ya tashi bawansa cikakke. Ta saurara da ladabi, ta ce Allah shi saka. Na nemo wata mata da aka yanke wa ƙafa aka sa mata ta roba, ta zo ta yi tafiya a gabanta, har ta ɗan taka rawa. Inna ta ce, "Ma sha Allah, ta yi maki kyau." Na ce ta bakin Hajo, in ta yarda bana zan kai ta Makka, can ana tura tsofaffi a keke su yi ɗawafi. Nan ne ta yi dariya, ita ce dariyarta ta ƙarshe da na ji. Ta ce, "Hajo, gaya masu ba buhun wake ba na, da za su yi ta ƙara tayi."

Kawu Ummaru ya zo. Da ya ga yadda abin ya koma, shi da ke tsoron allura sai ga shi yana cewa, "Ɗana, kai ka sa hannu. A yi mata allurar barci, in ta farka ta iske an gama. Fushinta bisa kaina." Na kai wa likitar wannan magana. Ta ce, "Hankalinta ɗaya da naka. Ƙafarta ce. Ka shawo kanta, ni a shirye nake ko yau." A lokacin na ji zafin maganar. Yanzu na san gaskiya ta faɗa.

Haka muka ci wani makon. Sai zazzaɓi ya kwantar da Hajo, ga goyo a bayanta, dole na sa aka mayar da ita gida. Luba kuma ta koma Tambuwal duba yara, za ta dawo washegari. Ya rage ni kaɗai. Ba a barin maza su daɗe a ɗakin mata, amma ma'aikatan sun ga halin da muke ciki suka kau da kai. Da hantsi na shiga, sai matar da ke gadon kusa, wata mai fama da hawan jini, ta yafito ni. Ta ce, "Alhaji, tsohuwar nan tun jiya take riƙe da kanta. Ta ƙi ci ta ƙi sha don kada ta nemi tasa. Ɗazu abin ya fi ƙarfinta."

Ma'aikatan suna can kan wata da aka kawo a sume. Na tsaya na ɗan lokaci. Sannan na ja labule, na ce, "Inna, ki gafarce ni." Na rufe ta da wani zanen, na zare wanda ya ɓaci ta ƙasa ba tare da na duba ba, na goge katifar, na sa mata tasa, na fita na jira, na dawo na ɗauka. Idonta a rufe, hawaye na bin gefen kunnenta.

Na kai kayan famfo, inda mata masu jinya ke wanki. Na naɗe hannun riga na durƙusa a cikinsu. Wata ta ce, "Alhaji, a kawo maka namu? Nawa ne kala?" Suka yi dariya, wata ta miƙo mini sabulu ta ce, "Ku bar shi, ɗan halak ne." Ban san tagar ɗakin tana kallon famfon ba.

Da na dawo, Inna ta juya wajen matar gadon kusa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, gaya ma mutanen Tambuwal su kira likita."

Matar ta waiwaya tana neman mutanen. Ta ce, "Su wa? Ni mutum ɗaya nake gani."

Inna ta ce, "Su nika nufi. Gaya masu a yanke. In dai shi ka sa su koma kasuwarsu su bar wankin zanen mata, a yanke."

Da gudu na je. Malami bai iya ba, Makka ba ta iya ba. Kunyar da ta sa ta ɓoye ƙafar, ita ce ta sa ta sallama ta.

Likitar ta zo da sauri, ta sa aka ɗebi jini. Tun safiyar jikin Inna ya yi zafi, na ɗauka wahalar riƙon da ta yi ne. Da sakamako ya fito likitar ta kira ni waje. Ta ce cutar ta shiga jini, ƙoda ta fara gazawa, in aka shiga da ita aiki a haka ba za ta fito ba. Sai an samu jikin ya ɗan tsaya. Na ce, "Ai ta yarda." Ta ce, "Na sani." Na sake cewa ta yarda fa, kamar yardar wani kaya ce da na kawo dole a karɓa. Ta ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Malam. Ka kira 'yan'uwa."

Sun yi ƙoƙarin, ni shaida ne. Jikin bai tsaya ba. Hajo ta dawo da zazzaɓinta, Luba ta dawo, Kawu ya zauna a baranda da tasbaha ya ƙi cin komai. Kwanaki kaɗan Inna ta yi tana farkawa tana komawa. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Hajo na riƙe da kan Inna tana maimaita mata kalmar shahada, leɓenta na motsi, sai ya daina.

Ga abin da na zauna rubutu dominsa. Cizon ƙwaro, a wanke da sabulu da ruwa mai sanyi, a shafa man kaɗe, a yanke farce, a bar susa. Yawanci shi ke nan. Amma in fata ta fashe, an wuce wurin toka da kanwa da lemun tsami, kuma kada a gasa da ruwan zafi. In ja yana faɗi, ko wurin ya kumbura, ko yana ruwa, ko wari, ko zazzaɓi ya biyo, ko kuwa kwanaki sun shuɗe bai kama hanyar bushewa ba, a tafi asibiti, kada a tsaya raba tsakiya da kowa. Tsohon da ke yawan ƙishirwa da zagaye yana ramewa, a kai shi a soki yatsansa, gwajin bai kai tsawon alwala ba. Ku kuma 'ya'yan fari, ban ce ku yar da kunya ba, ado ce, da ita aka raine mu. Amma ku sami wanda zai riƙa ganin ƙafafun tsofaffinku da idonsa, wanda ba a iya rantsar da shi ya yi shiru. "Da sauƙi" daga bayan asabari ba shaida ba ce.

A a-kori-kurar muka mayar da ita Fakku. An yi ruwa, ƙasa ta yi taushi, masu haƙa ba su wahala ba. Bayan salla liman ya ce 'yan'uwa su matso. Kawu ya kama wajen kai, ya dube ni ya ce, "Kai kama ƙafafu." Na sa hannu ƙarƙashin likkafani. Ɗaya ba ta da nauyi, kamar kara. Ɗayar har lokacin da nauyinta na kumburi. Na haɗa su a hannuna na saukar a hankali, na daidaita su, aka jera itace.

A hanyar dawowa daga maƙabarta Kawu na tafe kusa da ni, sandarsa na nutsewa a laka. Mun kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To, ta dai tafi da abinta."

Har yau ban san ko ta'aziyya ya yi mini ba, ko kansa yake lallashi.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa abin da ta sha ya zame mata kankarar zunubi. Waɗanda ke kwance ya tashi kafaɗunsu, masu jinyarsu kuma ya ba su haƙuri da abin yi.